Zaman Bordo: Mai Azumi a Ɗakin Ɗanɗanon Giya

Bordo, a kudu maso yammacin Faransa, gari ne da giyar inabi ta gina, kuma har gobe ita ke riƙe da shi. Manyan gidajen dutsen da ke jere a gaɓar kogin Garon kuɗinta ne, haɗe da na sukari da na cinikin bayi, zancen da mutanen garin ba su fara buɗe baki a kansa ba sai a 'yan shekarun nan. In ka ji an ce bana shekara ta yi kyau, to inabi ake nufi. Direban bas, da mai gidan haya, da matar da ke karɓar takardu a asibiti, kowa yana da abin cewa a kan ruwan da aka yi a watan Satumba. Ni kuwa ɗan Damagaram ne, a gidanmu ko sunan giya ba a ambata sai an haɗa da a'uzubillahi. Ban taɓa kai ta baki ba, har yau. Amma zama da mutanen nan bai zo mini da sauƙi ba sai da na gane yadda suke ɗanɗana ta su yanke mata hukunci, don a nan hankalinsu yake.

Karatu ya kawo ni a 2019, digiri na biyu a ilimin ƙasar noma, bayan na gama na farko a Yamai. Na sami ɗaki a Talans, kusa da jami'a. Takardar zaman ɗalibi ta yarda mutum ya yi aikin awa 964 a shekara, sai na kama wanke-wanke a wani gidan abinci. Ranar Asabar in hau taram, jirgin cikin gari, zuwa unguwar San Mishel da kasuwar Kapusan, inda ake samun kuɓewa da busasshen kifi, da naman yanka wurin mahautan Maroko. Hausa kam sai jefi-jefi kake jin ta, in ka ji kuwa sai ka waiwaya da sauri kamar sunanka aka kira.

Sai korona ta zo. Ranar 17 ga Maris 2020 aka kulle ƙasa, gidajen abinci a rufe, iyakoki a rufe. Ma'aikatan da suka saba zuwa daga Maroko da gabashin Turai ba su sami shigowa ba, har ministan noma ya fito yana roƙon duk wanda ke zaune ba aiki ya nufi gona. Ga haya, ga waɗanda ke jira a gida. Haka na tsinci kaina a Medok.

Medok wani tsiri ne na ƙasa a arewa da birnin, tsakanin tekun Atlantika da bakin kogin Jirond. Da can fadama ce, sai a ƙarni na 17 ne injiniyoyin Holan suka janye ruwan. Da na tsuguna na ɗebi ƙasar a hannu, tsakuwa ce zalla, fara da ruwan toka, wata ta kai dunƙulen hannu. Manomin gero ko kyauta aka ba shi ba zai karɓa ba. Amma wannan talaucin nata shi ne arzikinta. Ba ta riƙe ruwa, dole saiwa ta nutsa ƙasa sosai tana nema. Duwatsun su sha rana, da dare su mayar wa kurangar da ɗumin, abin da kabarne ke so ke nan, irin inabin da ba ya nuna da wuri. A ɗaya gefen kogi, wajen Sant Emiliyon da Pomarol, ƙasar yumɓu ce da farin dutse, can wani irin inabin, marlo, ya fi yawa. A manyan gonakin Medok har kuranga 10,000 suke dasawa a hekta ɗaya don su yi ta gasar abinci, kuma doka ta hana ban ruwa sai da izini na musamman. Duk abin da aka koya mini a Yamai dabarar ƙara amfanin gona ce. Nan na tarar da mutanen da suka tara ilimi suna ta faman rage shi.

A watan Yuli aka miƙo mini almakashi aka ce in bi layi in yanke nonnan inabi ɗanye in zubar ƙasa. Lafiyayye, ba tsutsa, ba ruɓa. Hannuna ya ƙi. Wanda ya taso inda ake tone gidan tururuwa a shekarar yunwa ba ya zubar da abin da ya fito daga gona. Wata tsohuwa 'yar Fotugal da ta ƙarar da ƙuruciyarta a wannan gonar, wadda nake kira Inna tana dariya, ta tsaya a kaina.

"Yanke, yaro. Wanda ya saura shi zai ci rabon wanda ya faɗi."

Ita ta koya mini sauran aikin: datsar rassa a tsakiyar hunturu, a bar biyu kawai, ɗaya dama ɗaya hagu, a lanƙwasa su a ɗaure da waya, cire tohon banza da bazara, ɗaga rassa, rage ganye ta gefen hantsi. Kurangar Medok gajeriya ce, wuni ake yi a duƙe. Abokan aikina 'yan Maroko ne, da 'yan Yammacin Sahara, da 'yan Bulgeriya, da Faransawa talakawan yankin. Datsa da yawan kuranga ake biya, in ba ka da sauri ka sha sanyi a banza. Ni na yi sa'a gidan da kansa ya ɗauke ni. Da yawa ta hannun 'yan kwangila suke zuwa, wasunsu a cushe a gidajen da ko tagogi babu, an karɓe musu kuɗin hanya mai yawa da alkawarin takardu. Kotunan yankin sun ɗaure wasu 'yan kwangilar bisa laifin fataucin mutane. Garin Poyak, wanda sunansa ke kan kwalaben da suka fi tsada a duniya, in ka bar bakin ruwa ka shiga lungunansa, shaguna ne a rufe da gidajen da fenti ya gaji.

Zancen halacci ban kauce masa ba, kuma ba zan kauce masa a nan ba. Duk wanda ya yi zaure ya san hadisin da aka la'anci mutum goma a kan giya, har da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai cin kuɗinta. A mazhabarmu ta Malikiyya ko sayar da inabi ga wanda ka san giya zai yi da shi ba a yarda ba. Da na gaya wa mahaifina ta waya, ya daɗe bai ce komai ba.

"Kana sha?"

"A'a, Baba. Wallahi ko ɗigo."

"To. Ka nemi wani aikin tun kana wannan. Kada zama ya yi maka daɗi."

Wani malami ɗan Senegal da na tambaya bayan sallar Juma'a bai yi mini sassauci ba, bai kuma kore ni ba. Ya ce lalura tana da hukuncinta, amma lalura tana da iyaka, kuma ni na fi kowa sanin inda tawa ta tsaya. 'Yan Marokon da muke aiki tare sun kasu: wasu sun ce su ganye da ƙasa suke taɓawa, abin da mai gona ya yi da 'ya'yan tsakaninsa da Allah, wasu kuma duk wata sai sun fitar da wani abu sadaka, ransu ba ya kwance. Ni abin da na iya shi ne na roƙi shugaban gona kada a sa ni aikin rumbu, matsa ko ɗura ko dakon kwalba. Ya ɗaga kafaɗa ya amince.

To amma a ƙarshen Afrilun 2022 hannu ya yi kaɗan a gidan, don makon ɗanɗanon sabuwar giya ne, kuma ya faɗo a goman ƙarshe na azumi. Aka sa ni wanke kofuna da zubar da bokitan tofi. Na lissafa mutum goman nan a zuciyata ban ga mai zubarwa a ciki ba, sai na ɗaura atamfa na shiga. Tun a bakin ƙofa shugaban rumbu ya shinshina iska ya mayar da ni in sauya riga. Turaren da na shafa tun asuba ne, ɗan ɗigo ɗaya. A ɗakin nan ba a shiga da turare, ba a shiga da warin taba, ko sabulun wanke kofi mai ƙamshi ba a yarda da shi ba.

Ga yadda abin yake. Inabin da aka tsinka a Satumba da Oktoba, bayan ya gama tafasa a manyan randunan ƙarfe ko na katako, sai a zuba shi a gangunan wani itace da suke kira shen, kowace lita 225, wato kwalba 300. A manyan gidaje yakan yi kamar wata 18 a ciki. Amma ba sa jira. A watan Afrilu, giyar tana da wata shida kacal, sai 'yan kasuwa da 'yan jarida su taso daga Ingila, Amurka, Sin, Japan, Suwizalan, su ɗanɗana abin da aka ɗebo daga ganga. Bayan 'yan makonni kowane gida ya faɗi farashinsa, a biya kuɗi, kaya kuwa sai bayan kamar shekara biyu. Gidan ba ya sayar wa mai sha kai tsaye: akwai dillali a tsakiya mai cin kashi 2 cikin ɗari, shi ke haɗa gidan da manyan 'yan kasuwar Bordo, su kuma su rarraba wa duniya. Mai saye kuma in ya karɓi akwatinsa ba buɗewa zai yi ba. Ajiyewa zai yi shekara 10, 20, wani ma har ya mutu magada su gada.

Ɗakin fari fat, shiru kamar ana jarrabawa. Mutum ya karkata kofi a kan farar takarda ya dubi launi: na sabuwar giya baƙi-baƙi ne, bakinsa shunayya. Ya shinshina. Ya juya kofin giyar ta zagaya, ya sake tura hanci har ciki. Ya kurɓa kaɗan, ya tsuke leɓe ya ja iska ta cikinta da wani sauti da in yaro ya yi shi a gaban tuwo sai an ranƙwashe shi. Ya wurwura ta a baki, sannan ya tofar. Ba mai haɗiyewa. Wasu a rana ɗaya sukan bi gidaje su ɗanɗana fiye da hamsin, kafin la'asar haƙoransu sun yi baƙi. Ina tsaye da azumi a bakina ina kallon manya da kwat suna tsartar da abin da suka tsallako teku dominsa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne fuskokinsu. Ba wanda ya yi kama da mai jin daɗi. Da yamma, bayan baƙi sun watse, na tambayi shugaban rumbun, wani dattijo mai ƙarancin magana wanda ubansa ma aikin da ya yi ke nan.

"Shef, wai tana da daɗi kuwa?"

"Yanzu? Ko kusa. Wadda ta yi daɗi yanzu ba za ta kai shekara ashirin ba."

Ya ce abu na farko da suke nema bauri ne, wannan da ke ɗaure harshe ya busar da dasashi. Daga ɓawon inabin yake fitowa, da ƙwayarsa, da katakon ganga. Sinadarin da ke kawo shi dangin wanda majeman garinmu ke samu a bagaruwa ne: yadda yake hana fata ruɓa ta yi shekaru, haka yake tsare giya. Amma bauri iri-iri ne. Akwai na ɗanyen abu, mai kaushi, wanda ko an shekara talatin ba zai yi laushi ba. Akwai na nunanne, mai yawa amma lallausa, shi ne abin nema. Na biyu tsami, wanda ke hana ta mutuwa a baki. Na uku kaurin 'ya'yan itacen kansa, don in bauri ya fi ƙarfin abin da yake tsarewa, ranar da ya saki ba a tarar da komai a baya ba. Sai ƙarfin barasar, kada ya yi zafi a maƙoshi. Duk waɗannan kada wani ya taka wani. Na ƙarshe kuma, bayan an tofar, daƙiƙa nawa ɗanɗanon ke ɗauka kafin ya ɓace. Ta banza nan take take tafiya. Babba takan zauna rabin minti ko fiye.

A cikin kwalba, a kwance, cikin duhu, a sanyin digiri 12 zuwa 14, abubuwa ke sauyawa a hankali. Baurin ya harhaɗu ya kwanta ya zama guggubi, shi ya sa in za a buɗe tsohuwa sai an tsiyaye ta a wani tulun gilashi a gaban kyandir. Launi ya tashi daga shunayya ya koma na jan bulo. Ƙamshin ɗanyun 'ya'yan itace ya ja baya, na ganyen taba, da jemammiyar fata, da katakon fensir, da jiƙaƙƙiyar ƙasar daji ya fito. Aikin mai ɗanɗano ke nan: ya kurɓi abu mai ɗaure baki a yau ya faɗi abin da zai zama lokacin da shi kansa wataƙila ba ya duniya. Wani lokaci kuma duk a banza, matoshin kwalbar ya zo da cuta, a buɗe bayan shekara ashirin a ji warin jiƙaƙƙen kwali.

Akwai ɓangaren wannan ilimi da ya halatta gare ni, kuma shi na riƙe. Kafin tsinka, shugaban rumbu da na gona sukan bi layi-layi da safe suna tauna inabi. Dattijon ya fara jana. Ka matse tsokar ka ji zaƙi da tsami. Ka tauna ɓawon shi kaɗai, ka ƙirga, ka ji ko yana narkewa ko yana gardama. Ka fasa ƙwayar da haƙori: in kore ce mai ɗaci, da saura, in ta yi ruwan ƙasa tana ƙaras-ƙaras, lokaci ya yi. Ɗakin gwaji yana ba da lambobin sukari da tsami, amma ranar tsinka baki ke yanke ta. Wata safiya na ce masa layukan da ke gangaren nan ba su kai na tudu ba. Ya tauna, ya tofar, ya dube ni, bai ce komai ba. Aka bar gangaren sai mako na gaba. Tun da na zo ƙasar nan ranar ce na fara jin an auna ni da abin da na sani, ba da takardar da ke aljihuna ba.

Yanzu kuma zancen maki, inda kuɗi ke shiga. Wani lauya Ba'amurke, Robert Parker, ya fara fitar da mujallarsa a 1978 yana ba giya maki bisa ɗari. Sunansa ya fito da giyar 1982, wadda ya yaba tun tana ganga alhali wasu masana na ganin ba za ta daɗe ba, kuma lokaci ya gaskata shi. Daga nan har ya yi ritaya, maki ɗaya nasa yana iya ɗaga farashi ko ya kayar da shi, har ana zargin gidaje da sauya yadda suke yin giya don ta dace da bakinsa. Yau masu ba da makin sun yi yawa. Ga ta ganga ba sa faɗin lamba ɗaya, sai su ce 94 zuwa 96, su bar wa kansu ƙofa. Na ga maigidanmu, mutumin da kakanninsa suka bar masa dukiya, yana ta latsa waya yana jiran lambar da wani baƙo zai rubuta.

A ƙarƙashin makin akwai wani tsohon jeri. A 1855 sarkin Faransa Napoleon na Uku ya sa aka jera giyar Bordo daraja-daraja saboda baje kolin duniya na Paris. Dillalai suka duba farashi kawai suka yi aji biyar. Gidaje huɗu a sama: Lafite, Latour, Margaux, Haut-Brion. Babban sauyin da aka yi tun daga lokacin shi ne ɗaga Mouton Rothschild zuwa ajin farko a 1973. Gonaki sun sauya hannu, sun faɗaɗa, sun tsuke, jerin yana nan. A shekarar da nake wanke kofunan nan, kwalba ɗaya ta ajin farko ta haura Yuro 400 tun ba a ɗura ta ba, sama da jika 260 na sefa. Mafi ƙarancin albashi bai kai Yuro 11 a awa ba. Aikin mako cur, awa 35, bai sayi kwalba ɗaya ba.

To gwanintar gaskiya ce ko wasan 'yan kasuwa? A ganina duka biyun ne, a kofi ɗaya. Dattijon nan na ga an jera masa kofuna ba suna, ya nuna wanda ya fito daga gangare da wanda ya fito daga tudu, bai kuskure ba. Wannan ba tsafi ba ne, shekaru ne. Amma a jami'ar Bordo ɗin nan aka yi wani gwaji da aka buga a 2001: an rina farar giya da jan launi marar ƙamshi aka ba ɗalibai 54 masu koyon sana'ar, suka yi ta siffanta ta da kalmomin jar giya. Ido ya riga hanci. A 1976 kuma wani ɗan Ingila mai shagon giya a Paris, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa ya ɓoye musu sunayen kwalabe, suka ɗora wata jar giyar Kalifoniya ta Amurka a kan manyan Bordo. Faransawa suka ce ai tasu ba ta tsufa ba ne, a jira. Aka jira shekara 30, aka sake zama a 2006, Kalifoniya ta sake cinyewa. Wannan labarin ba a cika son jin sa a Medok ba, ni ma ba a bakinsu na ji shi ba. Sannan abin da ake ba baƙi a watan Afrilu gidan ne da kansa ya zaɓi gangar da za a ɗiba. Latour ma tun 2012 ta fice daga tsarin, ta ce ba za ta ƙara sayarwa ba sai giyar ta kusa shayuwa.

Giyar da suka ɗanɗana a wannan azumin ta 2021 ce, shekarar da ba a so. A farkon Afrilunta sanyi ya sauko bayan toho ya fito, muka kwana a gona muna kunna manyan kyandirori a tsakanin layuka. Sai ruwa ya biyo baya da damina mai yawa, fumfuna ta kama ganye, ana ta feshi. Baƙin suka yaba da ladabi, makin ya fito tsaka-tsaki. Ta 2022 kuwa wuta ce. Zafi ya haura digiri 40, a watan Yuli dajin Landiras da na La Test suka kama da gobara, sama da hekta 20,000 suka ƙone, hayaƙi har cikin birni. Da duhun asuba muke shiga gona, kafin azahar wasu sun fara jiri. Ni da na taso a Damagaram ana ta yi mini ba'a wai an kawo mini gida, amma zafin da ake sha a duƙe tsakanin duwatsu daban yake. 'Ya'yan suka fito ƙanana, ɓawo mai kauri. Da Afrilun 2023 ya zo, masu ɗanɗano suka ce irin wannan shekara ba a cika samun ta ba, farashi ya tashi. A duk abin da suka rubuta, rana ta sami yabo, tsakuwa ta samu, shugaban rumbu ya samu. Inna da ta suma a layi ba ta fito a ko'ina ba.

Amfanin da wannan ilimi ya yi mini a wajen gona yake. A Faransa zumunci a tebur ake ƙulla shi, kuma kofi ne mabuɗinsa. Da farko in aka gayyace ni na ce ba na sha, sai wuri ya yi tsit, mai gida ya rasa abin yi da ni, ni ma in takure da ruwan lemona har a tashi. Wasu su ɗauka ciwo gare ni, wasu su ɗauka hukunci nake yanke musu. A walimar ƙarshen girbi, inda ake gasa nama da busassun rassan inabi, sai da na bi kowane kwano da tambaya, don miyarsu ma da giya ake yin ta. Yanzu in na ce ba na sha, sai in ɗora da tambayar ta wace shekara ce, ta wane gefen kogi. In aka ce 2021, in ce ai ni na kunna mata kyandir. Nan take hira ta ɓarke, ba mai ƙara kallon kofina. Maƙwabcina, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya sayi akwati guda na 2022 saboda jikarsa da aka haifa a shekarar, wai sai ranar da ta cika ashirin za a buɗe. Shekarunsa sun haura saba'in. Ya kai ni ɗakin ƙasa ya nuna mini inda ya ajiye, na ce masa wurin ya yi kusa da tukunyar ɗumama gida, muka matsar da katakon tare, shi ya ɗauki kwalabensa. Da sallar layya kuma shi ya kai ni da motarsa wurin mahauci.

Maganar Baba ba ta bar ni ba. Bayan na gama karatu na sauya takardar zama, na sami aiki a wani ɗakin gwajin ƙasa, na ajiye almakashi. Zuwa gida ya yi wuya tun juyin mulkin Yulin 2023, da aka daina ba da biza a Yamai, ofishin jakadancin Faransa ma aka rufe shi a farkon 2024. Sai waya.

Kuma Bordon da na bari a gona ba ita ce Bordo duka ba. Manyan gidajen nan 'yan kaɗan ne. Dubban ƙananan manoma giyarsu ba mai ajiye ta shekara ashirin, a kanti ake sayar da ita Yuro uku ko ƙasa da haka. A shekarun 1960 Bafaranshe ɗaya yakan sha fiye da lita 100 a shekara, yau bai kai rabin haka ba, kasuwar Sin ma ta ja baya. A 2023 aka fito da shirin biyan manoma Yuro 6,000 a hekta su tumɓuke inabinsu. Ƙasar waɗannan gonakin ce ke zuwa teburina a leda, da tambaya ɗaya: me za a shuka yanzu? Wasu na zancen zaitun, wasu itatuwan katako. Kwanan baya wani dattijo daga yankin da ke tsakanin kogunan Garon da Dordon ya zo da kansa, ya ce ruwa ya ƙi, rani ya yi tsawo, maƙwabcinsa ya gwada wani hatsi da ba ya jin fari, ko na san shi. Ya ciro waya ya nuna mini hoto. Dawa ce. Ana noma ta sosai a kudu maso yammacin Faransa, kaji da aladu ake ba wa. Na duba masa sakamakon ƙasarsa, na ce za ta yi, na gaya masa kada ya yi gaggawar shuka sai ƙasa ta ɗumama a watan Mayu. Sannan na ce in ya girbe ya ware mini buhu ɗaya kafin a kai kamfanin abincin dabbobi. Ya tambaye ni kaji nawa gare ni.